Ranar da shafina ya fito tsirara a wayar kawu

Kawu yana da shagon atamfa da shadda, ya ce in haɗa masa ɗan shafi mai ɗauke da kaya da farashinsu wanda zai riƙa tura wa kwastomomi. Na zauna kwana biyu na haɗa da Vite, wata manhajar harhaɗa shafukan intanet, a kwamfutata abin gwanin sha'awa, sai na tura masa index.html, wato fayil ɗin shafin, ta WhatsApp ina jiran yabo. Can bayan la'asar ya kira ni, "Kai yaro, wannan ne aikin? Ai rubutu ne zube kamar takardar kotu."

Laifina ne wlh. In ka buga npm run build, umarnin harhaɗa shafin, Vite yana ware CSS ɗin, wato kwalliyar shafin, a nasa fayil daban cikin foldar assets, shi HTML nuni kawai yake yi ya ce je can ka ɗauko kwalliyar, to ni fayil ɗaya na tura, kwalliyar tana nan gida a kwamfutata, burauzar wayar kawu ta duba ba ta ga komai ba ta nuna masa abin yadda Allah ya yi shi.

Maganin da na samu wani fulogin ne, wato ɗan ƙari da ake jona wa Vite, mai suna vite-plugin-singlefile. Ka sauke shi da npm, ka sa viteSingleFile() cikin plugins a vite.config.js, shikenan. Lokacin harhaɗawa sai ya kwashe duk CSS ya zuba cikin style a cikin HTML ɗin kansa, JavaScript ma haka, ka fito da fayil ɗaya tal. Na sake turawa, kala ta dawo, layuka suka miƙe.

Amma tambarin shagon ya ɓace. Na kusa awa ina lalube kafin na gane a foldar public na ajiye hoton, shi kuma fulogin ba ya taɓa abin da ke can. Da na maido shi cikin foldar src sai ya shige. Sai dai hoto ko nau'in rubutu in za su shiga cikin fayil base64 ake maida su, wato a juya su zuwa haruffa zalla, nauyinsu ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, dole na rage girman hotunan shaddar don kar in cinye wa mutane data.

Wani abokina da ya ga abin ya yi aiki har ya fara cewa zai yi haka a shafin makarantarsu mai shafuka da yawa, na ce masa a'a ɗan'uwa, tsaya. CSS in yana fayil daban sau ɗaya burauza take sauke shi ta adana, duk shafin da ka buɗe a ajiyarta za ta ɗauko, in ka cusa shi cikin kowane HTML kuwa kowane shafi sai an sake sauke kwalliya iri ɗaya. Irin nasa Critters ko magajinsa Beasties ya fi dacewa, su iya CSS ɗin da shafin ke buƙata da farko suke cusawa, sauran ya biyo baya.

Kawu dai yanzu damuwarsa ɗaya, duk sanda farashin shadda ya motsa sai ya kira ni in sake harhaɗawa in turo sabo. Satin nan sau uku kenan.