Digiri 13

30 ga Janairu, da dare.

Sau uku ina wanke hannu da sabulun kwanuka, har yanzu warin toka yake yi. Kowa ya kwanta, saura ni da stufa, wato murhun ɗumama gida, tana can tana ƙaf-ƙaf ɗinta duk lokacin da felet, 'yan ƙwayoyin garin katakon da take ci, ya faɗa kasko.

Yau ce ta tsakiya cikin kwanaki ukun da mutanen nan Italiya ke kira kwanakin merla, 29 da 30 da 31 ga Janairu, waɗanda a al'adarsu suka ce babu kamarsu a sanyi duk shekara. Jiya Amira ta zo da labarin daga makaranta, tana ba kakarta rabi da Hausa rabi da Italiyanci. Wai merla ɗin tsuntsuwa ce, da can fara ce tas, sanyi ya kore ta ta shige bututun hayaƙi da 'ya'yanta, bayan kwana uku ta fito baƙa ƙirin, shi ke nan har jikoki. Hajiya ta kalli murhu ta ce, "To ai gilashin nan naku ma a can ya kwana." Aka yi dariya. Tawa ta yaƙe ce, don shekaranjiya na goge shi.

Saƙon da na saya ta intanet ya iso wajen ƙarfe tara na safe. Abu biyu ne a kwalin: tamostat, wato na'urar da ke auna ɗumin ɗaki ta sa murhu ya ƙara wuta ko ya rage, mai cin batir biyu, wanda za ka ajiye inda ka ga dama, da wani ɗan akwati da ake haɗawa da murhu, su riƙa magana da juna ba waya. Allah ya gani, ba don kowa na saya ba, don buhu na saya. Ma'aunin ɗumin da ya zo da murhun wata 'yar waya ce mai reto a bayansa, ɗumin gindin murhun kawai ta sani. Na ce in na samu wanda zan tsara wa lokaci, ya rage wuta da tsakar dare, ya ƙara da asuba, buhun kilo 15 da muke cinyewa a wuni zai ɗan ƙara auki. Waɗanda suka daɗe suna karanta ni sun san tun 2022, da buhu ya haura Yuro 10, ban sake kallon felet da idon rahama ba. Farashin ya sauko, ni ne ban sauko ba.

Na sa batir. Don in gwada ko saƙonsa zai ratsa bango, na yi sallama ɗakin Hajiya, shi ne mafi nisa, na ɗora shi kan durowa na fito na ci gaba da kwance murfin bayan murhu. Bayan kamar minti 20 na koma. Ya rubuta 13.

Na ce kayan intanet ke nan, sun aiko min da mai taɓin hankali. Na kawo shi falo, ya hau a hankali har 22. Na mayar da shi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo yana sauka, 19, 17, 15. Ban jira ya ƙarasa ba.

Hajiya tana zaune kan darduma da carbi, ta lulluɓa da mayafi, ƙarƙashinsa rigar sanyin Zainab, ƙarƙashin ita kuma wata. Safa biyu a ƙafa. Duk wannan na sha ganinsa, na ɗauka halin baƙon Turai ne, wanda ko a digiri 25 sai ya naɗe kai. Na durƙusa.

"Mama, ashe ɗakin nan sanyi gare shi haka?"

"A'a, lafiya lau, Baban Amira. Mun gode Allah."

"Mama, na'urar nan ta ce 13."

"To ai ita ta sani. Mu ba mu san lissafinta ba."

"Da dare fa? Kuna samun barci?"

"Barci ai ɓarawo ne, yana zuwa." Ta ja carbi biyu. "Hunturun Zariya ma ai mun sha shi."

Hunturun Zariya na san shi, na yi shekara huɗu a Samaru. Yana fasa leɓe da asuba, amma kafin hantsi rana ta fito ka zauna jikin bango ka sha ta. Nan kwana tara ke nan ba mu ga rana ba, hazon kwarin Po ya zauna kan Brescia kamar an kifa ƙwarya. Kuma 13 ɗin nan ta ƙarfe goma na safe ce. Ta ƙarfe huɗu na dare, lokacin da take tashi nafila ta dafa ruwan wankan jego, ban so in ƙiyasta ba. Kwananta 23 a gidan nan.

Na samu Zainab tana shayar da Khalil. Na tambaye ta ko ta sani. Ba ta ɗago ba.

"Na sani."

"Shi ne ba ki faɗa min ba?"

"Ita ta hana."

"Saboda me?"

Sai a lokacin ta kalle ni. "Abban Amira, kullum da daddare sai ka leƙa sito ka dawo ka sanar da mu saura buhu nawa. Kamar mai karanta labarai. Ran da ta zo da kwana biyu ta tambaye ni nawa ne buhun, na faɗa mata, ta ce in juya mata shi zuwa Naira. Na juya. Ta yi salati, ta ce kada in kuskura in ce maka a ƙara wuta saboda ita."

Na buɗe baki zan ce ni ba da wata manufa nake ƙirgawa ba. Na rufe. Gaskiya ne ba da manufa ba ne, kuma gaskiyar ba ta ɗumama ɗaki.

Akwai wanda ya fi wannan, Zainab ba ta ma san shi ba. Murhun namu irin mai bututu ne, yana da fanka ta biyu da ke tura iska mai zafi ta cikin bango zuwa ɗakin baya. A watan Nuwamba, lokacin ɗakin babu kowa sai akwatuna, ƙararta ta dame ni ina kallon ƙwallo, na shiga menu na mayar da ita kan 1. Na manta. Wata biyu da rabi. Na je filin jirgi na ɗauko surukata da hannu biyu, na kawo ta na ajiye a ɗakin da ni da kaina na toshe wa ɗumi.

To. Aiki.

Na kashe murhu, na jira ya gama hucewa, na zare filogi. A bayan allon akwai ramuka biyu na tamostat na waje. Abin da suke so kawai a haɗe su ko a raba su, kamar makunnin fitila, ba a tura musu wuta. Sani, wanda na kira neman shawara, ya nanata min wannan a waya har sau biyu da Hausarsa ta Kumasi: in ka kuskura wutar gida mai volt 230 ta shiga nan, allon ya tafi, kuɗinsa kuma ya isa ka yi kuka. Ɗan akwatin yana da nasa wayoyin wuta daban, sannan ramuka uku, COM da NO da NC. Na ɗaure wayoyi biyu, na danne maɓalli har fitila ta fara ƙiftawa, suka gane juna. Na shiga menu na gaya wa murhu ya daina sauraron 'yar wayarsa. Na kunna ina jin kaina injiniya.

Sai ga abu a juye. In na ɗaga tamostat zuwa 25, murhu ya lafa. In na sauke shi zuwa 10, ya taso kamar an zage shi. Na sake kiran Sani, ya yi dariya har da tari. A NC na ɗaure maimakon NO. Kashewa, jira, zare filogi, sukundireba, duk daga farko. Minti 40 saboda harafi ɗaya.

Ina tsugune ina jiran wuta ta kama, Hajiya ta fito za ta kicin. Ta tsaya a bayana ta daɗe.

"Wutar nan numfashi take nema," ta ce. "Ka ga yadda take miƙa kamar mai jin barci? Da icce ne sai in ce a zare guda biyu a bar mata hanya."

Littafin murhun ma abin da ya ce ke nan, a shafi uku. Harshen wutar dogo, ja-ja, malalaci, bakinsa baƙi-baƙi, gilashi na yin duhu cikin wuni guda: felet ya fi iska yawa. Na daɗe ina ɗora laifin kan felet ɗin, alhali buhun da tambarin ENplus A1 a jiki, wanda tokarsa ba ta wuce kashi 0.7 cikin ɗari, kuma shi doka ta ce a ƙona a irin waɗannan ƙananan murahu a nan yankinmu na Lombardiya. Na sake kashewa karo na uku. Na ciro kaskon, na ɗaga shi saitin fitila. Ramukan ƙasansa kusan rabi sun toshe da wani ɓawon toka mai tauri kamar ƙanzo. Da ƙusa na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na fita waje cikin hazon nan na duba bakin bututun da ke shigo da iska, ragar ta cika da busasshen ganye da yanar gizo-gizo. Na gwada ƙofa da takarda, in ka rufe a kanta ka ja ta zare ba gardama to igiyar bakin ƙofar ta mutu. Tawa ta riƙe ta ko'ina sai kusurwar sama ta hagu. Wannan sai mai gyara ya zo, tare da sharar bututun hayaƙi da nake ta ɗagawa tun Oktoba.

Sannan na taɓa lambobi. Menu ɗin da aka bar wa mai gida abu biyu yake ba ka: yawan felet da ƙarfen nan mai murɗi irin na injin markaɗe ke zubowa, da saurin fankar da ke zuƙe hayaƙi, wadda ita ce ke jawo iska ta cikin kasko. Sauran suna bayan lambar sirri, kuma yau na yarda gara haka. Na ƙara fanka mataki uku lokaci guda, don haƙuri ya ƙare min. Wuta ta gajarce ta yi fari-fari tana huci kamar ta mai walda, tartsatsi na tashi, ƙwayoyin felet na tsalle suna fita daga kasko ba su gama ci ba. Wannan kuma zafin ne kake korawa waje ta bututu. Na dawo mataki ɗaya, na zauna minti 20 ina kallo, don wuta ba ta amsawa nan take. Na rage felet mataki ɗaya. Wani minti 20. Ta tsaya rawaya mai haske, tana motsi da kuzari, tsakiyar gilashi. Na danna na'urar gargaɗin iskar gawayi na ji tana da rai, ta tashi Khalil, na sha harara.

Fankar ɗakin baya na kai ta 4. Ƙararta na nan yadda na san ta.

Saura inda za a ajiye tamostat. Littafi ya ce bangon ciki, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, nesa da taga da ƙofa da murhu, wato koridonmu. Amma duk inda ka ajiye shi, sanyin mai wurin ne ke mulkin gidan. Na kafa shi a ɗakin Hajiya, na sa 20. Na kuma zaɓi in ya kai, murhu ya sauka zuwa ƙaramar wuta maimakon ya mutu gaba ɗaya, don yawan kashewa da kunnawa ke cinye ƙarfen da ke tayar da wutar. Tsarin rage wuta da tsakar dare, wanda dominsa na kashe kuɗin, ban ko buɗe shafinsa ba.

Abincin rana bai samu ba. Sani ya ce ranar Juma'a zai leƙo ya ga aikina. Amira ta zubar da kunun kanwar mamanta a kan kafet.

Da magariba falo ya kai 25, ina zaune da singileti, Zainab na cewa sai na dafa mata ɗa. Ɗakin baya 18, yana hawa. Na rage fankar gaba, na bar ta baya.

Bayan isha na je yi wa Hajiya sai da safe. Ta cire riga ɗaya, safa saura guda. Ta nuna tamostat da carbi.

"Wannan abin, shi ke sa wutar ta ƙara ci?"

"A'a Mama, shi ke sa ta rage. Tattali yake yi."

Ta dube ni irin duban da ake yi wa yaron da ya ce ba shi ya sha nonon ba, ga shi a gemunsa. Ta ce, "To Allah ya yi albarka." Ban san ko ta yarda ba. Ina zargin gobe zan tarar an ɗauke shi daga bango an ajiye shi kusa da bakin bututun zafi, don Amira ta riga ta yi mata bayanin yadda yake aiki, dalla-dalla, da Hausarta mai gargada.

Ɗazu na tashi zan leƙa sito, har na kama hannun ƙofa. Na san saura 31 ne, tun jiya na sani. Na dawo na zauna.

Yanzu ƙarfe ɗaya saura. Na je na tsaya bakin ƙofarta ban shiga ba, na sa tafin hannu a ƙasan ƙofar. Iskar da ke fitowa da ɗumi. Gilashin murhu ya ɗan yi hazo-hazo a kusurwar sama ta hagu.