Turaren wuta a daminar Legas: inda na kai

'Yan'uwa masu koyon haɗa turare, haɗina na sandal da kajiji ya fara kama hannu. Yanzu sai sukari ya yi danƙo yana jan zare nake zuba itacen, in sauke ya sha iska, sannan madarar turare, wato tsantsar man turare, ta shiga. In aka zuba ta da zafi, tururi ne zai kwashe ƙamshin. Humra kuwa, turaren ruwa na shafawa a jiki, tana nan a kwalba tana tsumuwa da farcen turare (ɓawon wata halittar teku ne) da na soya na daka, ita ba a yi mata gaggawa.

Babban abin da ya tsaya mini shi ne raɓar garin nan. Yawancin masu koyarwa a bidiyo daga Maiduguri da Kano suke, inda iska ke shanye ruwa da kanta. A Legas kuwa, daga Afrilu zuwa Yuli sama ba ta hutawa, sukari kuma jan laima yake, sai turare ya dunƙule ya fara warin tsami. Na rage ruwan dahuwa, na ƙara lokacin wuta, na koma kwalbar gilashi mai murfin da ke matsewa sosai. Wanda na adana haka bai canza ba.

Tunda niyyata in fara sayarwa, na ɗauki samfur a ƙananan kwalabe na bi gidajen suna da biki a Agege da Idi-Araba, ina ba mata suna gwadawa. Wallahi abin da na ji a bakinsu ya fi mini duk abin da na karanta a waya. Mai ɗaki ɗaya ba ta son hayaƙi mai yawa, ga yara, ga maƙwabta ƙofa da ƙofa. Da yawa sun bar garwashi sun koma kaskon lantarki, shi kuma ya fi son itace mai laushi, wanda aka niƙa. Wata maƙwabciyata Bayarabiya ta ce tana so, amma a ƙaramin mazubi, kuma a rubuta mata yadda ake kunnawa. Wannan kasuwa ce da ban taɓa kawo ta a raina ba.

Kwalabe da madarar turare na duba farashinsu a Ojota da Idumota, itace kuma sautu zan riƙa bayarwa daga Arewa. Don Allah ku riƙa rubuta kuɗin mota cikin lissafi, domin a Legas shi ke cinye riba a ɓoye.

Batun takardu ma na bincika. Rajistar sunan sana'a a hukumar CAC ake yi, ta intanet. Humra tunda a jiki ake shafa ta, sai da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, za ta hau kantar manyan shaguna. Akwai kuma asusun LSETF da gwamnatin jiha ta kafa a 2016, yana ba ƙananan 'yan kasuwa rance. Na mazauna Legas ne, ba sai ɗan asalin jihar ba, amma ana neman katin zama na LASRRA, hukumar rajistar mazauna Legas. Mu da yawa ba mu da shi, kuma ya kamata mu yi.

Rance dai ba yanzu ba. Zan fara da haɗi biyu kacal, mai sanyin hayaƙi na kaskon lantarki da na amare mai ƙarfi, in ga wanda za a dawo nema. Wadda ta taɓa haɗa turaren hawi a daminar nan, ta faɗa mini yadda take busar da shi.