Soja a bakin daga da iyalinsa

Sojan da aka tura Sambisa ko gaɓar Tafkin Chadi yakan yi makonni babu sabis. A 2013 ma datse layukan waya aka yi a Borno, Yobe da Adamawa. Tun kafin tafiya a tanadi layi biyu na kamfani daban-daban, ƙaramar waya mai riƙe caji, da lambar abokin aikinsa da ke bariki.

Uwargida, tura tes ya fi kira, don yakan jira har wayarsa ta kama sabis. Kada ki tambayi inda suke, kada ki ɗora hotonsa da kaki a Facebook, maƙiya na bibiya.

Takardar magaji kuwa, wato wadda soja ke rubuta sunan wanda zai karɓi haƙƙinsa in ya rasu, sojan ya sabunta ta bayan aure. In ba sunan matar a kai, ita da yara ke shan wahalar karɓar haƙƙinsa.