Abin da Aikin Tafinta Ya Koya Mini a Kotun Laifuka

A Jidda aka haife ni, a Karantina na tashi, Hausa a gida, Larabci a waje. Da haka na samu aikin tafinta a kotun laifuka, wadda a nan ake kira mahkama jaza'iyya. Na shiga ina ganin wanda ya iya harsunan nan biyu ya gama komai. Wata tsohuwa ce ta nuna mini da sauran aiki.

An kawo ta bisa zargin ta sace jakar wata mata. Alƙali ya karanta tuhuma, na fassara mata, ta sunkuyar da kai ta ce, "To." Ni kuwa na juya na ce ta amsa. Allah ya sa alƙalin mai natsuwa ne, ya ce in tambaye ta me ta amsa. Na ce, "Iya, cewa kika yi kin sata?" Ta ɗago a firgice. "Haba ɗan nan! Cewa na yi na ji. A ƙasa na tsince ta, ina cigiyar mai ita." Ranar ban iya cin abinci ba. "To" ɗin Bahaushe a gaban babba ladabi ne, ni kuma na kusa mayar da shi ikirari.

Tun daga nan na koma gaban malamai ina tambaya. Laifuka a nan kashi uku ne: haddi, ƙisasi da ta'aziri. Haddin sata ba ya tabbata sai abin ya kai nisabi, rubu'in dinarin zinariya, an kuma ɗauke shi a ɓoye daga inda aka adana shi. Tsintuwa babinta daban ne a fiƙihu, ƙwace ma daban. Ke nan ɗauka, tsinta, sata da ƙwace, da muke cakuɗawa a hira, kowace da hukuncinta. Shubuha tana kau da haddi, har wanda ya yi ikirari kan laifin haddi yana iya janyewa. Ta'aziri kuwa alƙali ke auna shi, ko dokar ƙasa ta ƙayyade, kuma tun 2020 aka daina bulala a cikinsa, aka koma tara ko ɗauri.

Akwai ƙa'idar da nake fata kowane ɗan'uwanmu ya haddace: hujja tana kan mai tuhuma. Niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara da aka sauya wa suna a 2017, ita za ta kawo shaida, ba kai za ka tabbatar ba ka yi ba. Sashe na 38 na tsarin mulkin Saudiyya na 1992 ya ce babu laifi babu horo sai da nassin shari'a ko na doka, kuma horo na wanda ya aikata ne shi kaɗai. Dokar shari'ar laifuka ta ba wanda ake tuhuma damar ɗaukar lauya, wanda ba ya jin Larabci kuma a nemo masa tafinta. Amma tsoro, musamman ga marar igama, wato takardar izinin zama, yakan sa mutum ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba, don kawai a rabu da shi. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Niyya ma tana da nauyi. "Na buge shi" ba ta faɗi ko da gangan ne ko kuskure ba, alhali diyyar da aka tsayar a 2011 riyal 400,000 ce a ganganci, 300,000 a kuskure, kuma ƙisasi sai a ganganci.

Wani wurin da mutanenmu ke ruɗewa shi ne yafiya. Mun saba idan dattawa suka je biko magana ta mutu. A kotu hakki biyu ne. Dangin mamaci suna iya yafe nasu, ƙisasi ya faɗi, amma hakkin jama'a yana nan, alƙali zai yi hukunci a kansa. Na sha ganin iyaye suna kuka suna cewa ai an yafe, don me ba a sako shi ba?

Ɗaukaka ƙara kwana 30 ne, in ya wuce hukunci ya zauna. Hukuncin kisa, yanke hannu ko ƙisasi kuwa ba ya jiran kowa ya nema: alƙalai 3 ke yanke shi, 5 su duba a kotun ɗaukaka ƙara, sannan ya je kotun ƙoli.

Tsohuwar nan an sallame ta, don ba a kawo shaidar sata ba. Yanzu kafin a fara zama nakan roƙi izinin alƙali in ce wa mutum, "Baba, in ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba, babu wanda zai yi maka faɗa." In kuma ya ce "to", sai in gaya wa alƙali ya ce ya ji, in nemi a maimaita tambayar.