Ni ma na taɓa faɗuwa jarrabawa da gangan

Ranar Asabar muna shan shayi a falon wani abokina nan Buronks a birnin New York, sai ga babban ɗansa da laftof yana cike kwasa-kwasan zangon farko na jami'a. Uwarsa 'yar Jamhuriyar Dominika ce, tun yana goye Sifaniyanci take masa, da shi yake faɗa da ƙannensa, da shi yake waya da kakarsa. Kawai sai na ji yana gaya wa abokinsa a waya wai in ya shiga jarrabawar tantance ajin Sifaniyanci zai dinga zaɓen amsar banza da gangan don a jefa shi ajin 'yan koyo ya kwashi A ba gumi. Na ce kai zo nan. Ya ce haba Baffa ai kowa haka yake yi. Wallahi kofin hannuna sai da ya kusa suɓucewa, don abin da na yi ke nan sak, shekara ashirin da wani abu da suka wuce.

Da yawa ba ku san a Malabo aka haife ni ba, can Ikwatoriyal Gini. Hausawa sun daɗe suna kasuwanci a tsibirin da Malabo take tun ana ce masa Fernando Po yana hannun Sifen, kafin 'yancin kan 1968. Babana tireda yake, a can ya auri mahaifiyata, 'yar ƙabilar Bubi. Ina shekara shida muka dawo Kano, ban yi boko a can ba ko na rana ɗaya. Inna ta koyi Hausa har da karin magana, amma in ranta ya ɓaci, ko tana son gaya mana abu kar baƙi su ji, to Sifaniyanci ne. Shi ya sa na tashi na iya na faɗa da na kicin da na lallashi, amma ban taɓa ganin sa a takarda ba.

Da na zo karatu Amurka aka ce dole kowa ya yi harshen waje. Sifaniyanci kuma layi biyu ne, akwai ajin wanda bai san komai ba, akwai wanda suke kira español para hispanohablantes, na yaran da suka tashi da shi a gida. Matar da ke ba mu shawarar kwas ta ji na gaisa da wani a bakin ƙofa ta ce kai na biyun za ka shiga. Na ce to, na fita na je na faɗi jarrabawar da hannuna.

Kuma ina da dalili fa, kar ku ɗauka lalaci ne zalla. Dare nake aiki a wurin wankin mota, ina tura kuɗi gida duk wata, tallafin karatuna kuma in maki ya sauka an yanke. Wa zai ga A a ƙasa ya tsallake? Zango biyu na zauna ina maimaita hola, me llamo, ana koya mana ƙirga ɗaya zuwa ɗari da sunan launuka, malamar ma a sati na biyu ta gano ni daga yadda harshena yake juyawa, ta kalle ni kawai ta ƙyale. To amma in zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah ba makin ba ne kaɗai. Na taɓa leƙa wancan ajin sau ɗaya. Cike yake da 'yan Dominika da Fotoriko da Meziko, ga ni baƙin Afirka da Sifaniyancin Malabo, mu da muke haɗa usted, wato kai na girmamawa, da aikatau na tú, kai na sabo, ba ma bambanta pero da perro sosai, wato amma da kare. Na yi magana wata ta yi dariya, ƙila ma ba da ni take ba, amma daga ranar ban koma ba. Girman kai ne da kunya, na lulluɓe su da zancen maki.

Abin da ake yi a ajin 'yan gidan nan shi ne daidai ramin da na faɗa. Ba gaisuwa suke koya maka ba, sun san ka iya. Rubutu suke kamawa, inda h take zaune shiru ba a furta ta, inda b da v suke sauti ɗaya amma in ka musanya an gane ka, da 'yar alamar nan ta saman wasali da ke raba papá baba da papa dankali. Sai karanta jarida da rubuta wasiƙar ofis da sanin yaushe za ka ce haya maimakon haiga ta gida. Bayan na gama na nemi aikin tafinta a wani asibiti, bangaren magana na wuce kamar ruwa, na rubutu ya kayar da ni warwas. Wannan ma da sauƙi. Da Inna ta rasu ƙanenta ya aiko takardun wani fili nata daga Malabo, shafi huɗu na harshen lauyoyi, na zauna da su har asuba ina gane kalmomi ban gane magana ba, ƙarshe kuɗi na biya wani ya karanta min gadon uwata. Na rubuta wa Kawu amsa da kaina, 'yarsa ta turo saƙo cikin ladabi tana tambaya ko yaro na sa ya rubuta. Har yau in na tuna sai na ji zafi a fuskata.

Na zauna da niyyar jero muku shawara goma, ga shi da na duba ba su kai ba. Ku amsa jarrabawar nan da gaskiya, ku shiga ajin 'yan gida ko da B za ku samu. Shi ke nan fa. Kuma kar ku bari wani malami ya sa ku ji kunyar harshen uwarku, in ita troca da lonche take ce wa babbar mota da abincin rana, ko tana haɗiye s kamar yadda 'yan Dominika ke yi, nata daidai ne a gidanta. Amma kuma ku daina rubuta shi haka, ku koyi na littafi, na san kamar na ci karo da kaina, to haka abin yake. Wanda tallafinsa ke rataye da maki kuwa, ban sani ba wallahi, ba zan ce ka yar da abincinka ba, ni ma ban yar ba.

Abin da ke ƙona min rai yaran yanzu ba su da uzurina. Ba wankin mota ba tura kuɗi, ɗan abokin nan nawa ubansa ke biyan komai, a ƙasar da mutum sama da miliyan 40 ke Sifaniyanci a gida, amma amsarsa wai Baffa ai akwai Google Translate. Hausar ubansa ma daga ina kwana sai lafiya lau, wannan kam laifin uban ne, na gaya masa a gabansa. Juma'a ake rufe rajista. Tun Lahadi na tura wa yaron hoton wasiƙar nan da na rubuta wa Kawu, da kurakuranta duka, ya buɗe na gani, har yanzu bai ce komai ba.