Tankin kifin teku a tsakiyar falo, a Sakkwato

Tankin kifin da aka jingina da bango yana da baya, kuma a bayan nan ake ɓoye duk tarkacensa: wayoyin wuta, bututai, soket, injin tura ruwa. Ni kuwa wanda na so shi ne wanda za a kafa a tsakiyar falo, mutum ya zagaya shi gabas da yamma, kudu da arewa, duk inda ya tsaya ya ga kifi. Irin wannan ba shi da baya. Duk abin da ke raya shi dole ya bi ta ƙasa ko ya sauko ta sama, kuma wannan ne ya tsara mini aikin gaba ɗaya.

Saboda haka da tayil na fara, tun ban sayi gilashi ba. Aka fasa layi ɗaya daga jikin bango zuwa tsakiyar ɗaki, aka binne bututun roba mai faɗi, aka zura waya a ciki, aka mayar da tayil. Fitilar kuma daga silin take rataye da siraran igiyoyin ƙarfe biyu. Wanda duk ke gina sabon gida kuma yana da wannan buri, ya yi wannan aikin kafin a yi daɓe, ya huta da ƙura da kuma kallon da uwargida za ta yi masa.

Tankin murabba'i ne, santimita 90 kowane gefe, tsayinsa 60. Lita 486 ke nan in an cika shi fal. Ruwan kaɗai ya kusa rabin tan, gilashin mai kaurin milimita 12 ya kusa kilo 90, ga duwatsu da yashi. Teburin katako na kasuwa ba zai ɗauki wannan ba. Mai walda ya yi mini ƙafa ta ƙarfe mai kauri, muka yi mata fenti shafi a kan shafi, don ruwan gishiri ba ya ragawa ƙarfe. Sai kafinta ya rufe ta da katako, ya sa ƙofa a kowane gefe.

Inda muka fi daɗewa shi ne wajen mai gilashi. Gwani ne a tagogi da ƙofofin alminiyam, amma bai taɓa huda gindin tanki ba. Da na ce ina son rami uku a tsakiyar farantin ƙasa, sai ya ajiye tef ɗinsa ya ce, "Yallaɓai, abin da za a zuba ma ruwa ne za a huda?" Na zana masa a takarda. A tsakiyar tankin akwai wani siririn akwati a tsaye, bakinsa yana ƙasa da bakin tankin kaɗan. Ruwa in ya kai bakin sai ya malala ciki, ya bi bututu ya gangara zuwa wani ƙaramin tanki da ke ɓoye a cikin ƙafar. A can ake tace shi, injin ya sake turo shi sama ta rami na biyu. Na ukun na ko-ta-kwana ne, in dodon-koɗi ya toshe na farko. Ana huda gilashi ne da baki mai ƙurar lu'ulu'u, a hankali, ana kwarara ruwa a kai. Gilashin da aka gasa don ya yi ƙarfi kuwa ba ya hudawa, tarwatsewa yake yi, don haka sai a tambaya kafin a saya. Haka silikon, gam ɗin da ake liƙe gilashi da shi: wanda ake liƙe banɗaki da shi yana da maganin fumfuna, kuma guba ne ga kifi. Bututai duka na roba muka sa, ko guntun tagulla ko jan ƙarfe ba mu bari ya taɓa ruwan ba, domin yana kashe jatan lande da dodon-koɗi.

Wannan akwatin na tsakiya baƙi ne, ba shi da kyan gani, sai na lulluɓe shi da duwatsu. Na jera su suka zama tsibiri, na bar ƙofofi da koguna da ke ratsawa daga wannan gefe zuwa wancan, na kuma bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da gilashi ta ko'ina don abin gogewa ya wuce. Nan na gane cewa jera dutse don ido huɗu daban yake da jera shi don ido ɗaya. Ka gyara fuskar gabas ta yi kyau, ka zagaya yamma ka tarar da bututu tsirara. Dutsen da ake so mai sauƙi ne, mai ƙofofi kamar soso, kuma daga Legas aka aiko mini da shi. Har na yi tunanin farar ƙasar Kalambaina, wadda ake yin siminti da ita, tunda masana duwatsu sun tabbatar a ƙarƙashin teku ta taru shekaru kusan miliyan 60 da suka wuce, har ana samun ɓawon halittun ruwa a cikinta. Amma tana da nauyi, ga laka a jikinta, na haƙura.

Sai ruwa. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma ba gishirin miya kaɗai ba ne, akwai magniziyam da kalsiyam da fotasiyam da sauransu, kowanne da adadinsa. Gishirin kasuwa ko na Balma ba zai yi ba. Akwai haɗaɗɗen gishiri da ake sayarwa a bokiti don wannan aikin, kuma cikon farko ya cinye kusan kilo 18. Ruwan famfo da na bohol ma ban yi amfani da su ba, don abin da ke narke a cikinsu shi ne abincin gansakuka. Na sayi ƙaramar matata irin wadda masu fiyawata ke aiki da babbarta, mai matse ruwa ta cikin siririyar fata. A babban duro na roba nake haɗawa, injin yana juya shi ya kwana, sannan in ɗiga ɗigo a kan ma'aunin gishiri in leƙa. In ya nuna 1.025 ya yi.

Daga nan sai jira. Kashin kifi yana zama amoniya, wadda ke ƙona masa gaɓoɓin da yake numfashi da su. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke mayar da ita naitarait, wasu kuma su mayar da wannan naitaret mai sauƙin illa, kuma sai sun yi mako huɗu zuwa shida kafin su yaɗu a jikin duwatsu. Na jefa guntun jatan lande ya ruɓe ya zame musu abinci. A wannan tsakanin kawuna ya zo, ya zagaya tankin da babu komai ciki sai dutse, ya ji kuɗin gishiri, ya ce, "Kai ɗana, wagga wahala duka don kihin da ba a ci? Ga tarwaɗa can Kwalkwalawa!" Har yau in ya zo kujerar da ta fi kusa da tankin yake zaɓa.

Abin da littattafan Turawa ba su shirya ni ba shi ne yanayinmu. Kifin murjani, wato irin wanda ke zama cikin duwatsun murjani na teku, yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27. A Sakkwato kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura 40, kuma ruwa in ya yi ɗumi iskar shaƙa da ke cikinsa raguwa take yi. Abin da ya cece ni shi ne bushewar iskarmu. Ƙananan fankoki biyu da ke hura saman ruwan tankin ƙasa suna sauke zafin da digiri biyu zuwa uku, domin tururi yana tafiya da zafi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. A tsakiyar bazara sai an haɗa da na'urar sanyaya ɗaki. Amma tururin ruwa zalla yake ɗauka, ya bar gishiri, don haka abin da ake cikewa da shi ruwan daɗi ne tatacce, kowace rana. Da hunturu nakan zuba lita huɗu zuwa biyar a yini, ga ƙura tana kwanciya a saman ruwa, ga sanyin asuba da ke tilasta kunna hita. Wuta kuma, injin turawa da fankokin suna kan sola da batir, layinsu daban da na gida. Kafin kifi ya shigo na kashe injin da gangan don in ga iya ruwan da zai gangaro, na tabbatar tankin ƙasa zai ɗauke shi bai yi ambaliya a falo ba.

Kifayen ta jirgi suka zo daga Legas, cikin leda mai iska a akwatin kumfa. Na fara da biyu, irin masu ruwan lemo da ratsin fari uku, waɗanda a gonar kifi aka ƙyanƙyashe su, sun fi jure wa tanki. Na riƙa ɗiga musu ruwan tankin a bokiti kusan awa guda kafin in sake su. Kwanakin farko ba su fito daga kogo ba. Kifi yana son gefen da ya san babu abin da zai zo masa ta nan, wannan tankin kuwa ta ko'ina fuska ce, ga yara suna zagaye shi da gudu. Kogunan nan da na bari su ne mafakarsu, kuma da suka tabbatar suna da wurin ɓuya sai suka fara fitowa. Daga baya na ƙara wasu ƙanana masu kore-kore da ke yawo a garke, da dodon-koɗi masu lasar gansakuka.

Dokokin gidan ma sun canza. Maganin sauro na feshi guba ne mai tsanani ga kifi, don haka ba a fesa shi a falo, raga muka sa a tagogi. Turaren wuta ya koma ɗakin uwargida bayan doguwar tattaunawa. Labulen yamma a rufe yake daga azahar, don hasken rana yana kawo zafi da gansakuka, kuma a tankin da ake gani ta ko'ina, dattin gilashin can ƙetare ma ido yana kai masa. Fuska huɗu nake gogewa da mayen ƙarfe kowane kwana biyu, sannan duk mako biyu in kwashe kashi goma cikin ɗari na ruwan in zuba sabon haɗi. Murjani mai rai ban sa ba tukuna. Ya fi kifi saurin mutuwa da zafi, sai na sayi injin sanyaya ruwa na kansa da batirin da zai riƙe shi.