Yinin Poson a Mihintale

Na je Siri Lanka ne domin wani kwas na wata huɗu a kan noman shinkafa na rani, aka kuma saukar da ni a gidan wata dattijuwa a wajen garin Anuradhapura. Ban daɗe ba na lura cewa duk ranar da wata ya cika, ofisoshin gwamnati da bankuna da makarantu sukan kasance a rufe, doka kuma ta hana sayar da giya da nama. Suna kiran ranar Poya. A zatona hutu ne na ci da sha, har sai da Poya ta watan Yuni ta zo, wadda ake kira Poson, dattijuwar ta tambaye ni ko zan taya ɗanta aiki a rumfar rabon abinci kyauta da suke kafawa a bakin hanyar Mihintale, wadda suke cewa dansala. Na gaya mata cewa ni Musulmi ne, ba zan rusuna wa gunki ba, ba zan kuma miƙa hadaya ba. Ta ce, "Ɗana, ludayi kawai za ka riƙe."

Poson ita ce ranar tunawa da shigowar addinin Buda tsibirin, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Kamar yadda tarihinsu ya kawo, Sarki Devanampiya Tissa ya fita farautar barewa a dutsen Mihintale, kimanin kilomita 13 gabas da Anuradhapura, sai ya haɗu da Mahinda, ɗan Sarki Ashoka na Indiya, wanda ya bar gidan sarauta ya shiga zuhudu. Kafin Mahinda ya yi masa wa'azi, sai da ya gwada kaifin hankalinsa da wata bishiyar mangwaro da ke gabansu. Ya tambaye shi ko akwai wasu bishiyoyin mangwaro ban da wannan, ya ce akwai. Ko akwai bishiyoyin da ba na mangwaro ba, ya ce akwai. Sannan ya ce, idan aka cire sauran bishiyoyin mangwaro da waɗanda ba mangwaro ba, ko akwai wata bishiya da ta rage? Sarki ya ce, "Akwai wannan da ke gabanmu." Yara ƙanana ma sun haddace wannan labari.

Tun da asuba dattijuwar ta sa fararen tufafi, ba ɗan kunne, ba turare, ta tafi wurin ibada domin ɗaukar abin da suke kira sil. A kullum mabiyin Buda yana ƙarƙashin dokoki 5: kada ya kashe mai rai, kada ya yi sata, kada ya yi zina, kada ya yi ƙarya, kada ya sha abin maye. Wanda ya ɗauki sil a ranar Poya yakan mai da su 8, domin dokar zina takan koma ƙaurace wa kwanciyar aure gaba ɗaya, sannan ba zai ci abinci ba bayan rana ta take tsaka, zai bar kiɗa da rawa da ado, kuma ba zai kwanta a gado mai tudu ba. Yinin yakan ƙare ne a zaune a ƙasa, tsakanin sauraron wa'azin 'yan zuhudu da yin shiru ana bin shigar numfashi da fitarsa.

Ban riƙe dokar abincin da kyau ba, a nan kuma na fara yin kuskure. Wajen ƙarfe 1 na rana na tuna cewa dattijuwar ce ta kwana tana yanka albasa da kankare kwakwa, sai na cika kwano da shinkafa da miyar wake na kai mata har inda take zaune a inuwa. Ta dubi kwanon, ta dubi inuwar bishiya, ta yi murmushi, ba ta ce komai ba, matar da ke kusa da ita ce ta nuna mini rana da yatsa. Kuskure na biyu ya fi ba ni kunya: wata yarinya ta ba ni furen bado in riƙe mata, ni kuwa na kai shi hanci. Furen da za a miƙa ba a shinshina shi, dole ta nemi wani. Daga baya aka bayyana mini cewa mai ajiye fure yakan karanta wasu kalmomi masu tuna masa cewa yadda furen zai yi yaushi, haka jikinsa zai lalace.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin rumfar. Samari suna tsaye a titi da tuta suna tsayar da motoci, suna roƙon fasinjoji su sauko su ci. Na ga mai tsadaddiyar mota a layi ɗaya da mai keke, babu wanda ya ji nauyi. A wurinsu mai karɓa ne ya yi wa mai bayarwa alheri, tunda shi ya ba shi damar samun lada, saboda haka ɗan dattijuwar ya ja kunnena cewa in miƙa kwano da hannu biyu, kada kuma in tsaya jiran godiya. Na sha ba da sadaka a rayuwata, amma sai a ranar na gane cewa na saba sauraron "Allah ya saka" kamar mai jiran canjinsa.

Bayan na yi sallar isha'i a bayan rumfa, muka bi ayari muka hau matakalar dutsen, mai hawa 1,840. A sama aka ce mu cire takalma da hula. Farar ƙubbar Ambasthala, wadda aka gina a inda ake cewa mutanen biyu sun haɗu, tana kewaye da fitilun man kwakwa, jama'a kuma suna amsawa da "sadu, sadu, sadu", wato madalla, a hankali. Na tsaya daga gefe, hannuna yana ƙanshin kori, ina kallon farin wata a kan madatsun ruwan da na zo nazari.

Da muka koma gida, dattijuwar ta shimfiɗa tabarma a ƙasa kusa da gadonta ta kwanta. Sai da gari ya waye ta sha kunun shinkafa, sannan ta aike ni in taya samari wanke tukwane.